Allurar ciko a kwarmin gefen goshi: tambayoyin da ake ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta dawo min, a gidan biki, a waya, har a bakin aiki sai mace ta ja ni gefe tace "anti dan Allah allurar nan da ake yi a gefen goshi fa, kin santa?" Wasu daga nan Garwa, wasu Marwa da Ngaundere, har da 'yan uwanmu na Kuseri da Njamena. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a kudancin Kamaru ina taimaka ma likitan fata kafin in dawo gida, bana yin allurar da hannuna kuma bana sayar da komai. Na tattara tambayoyin ne wuri ɗaya saboda bakina ya gaji da maimaitawa, kuma abin da nake gani yana shigowa garuruwanmu yana tayar min da hankali. Da mata nake magana saboda su suka fi tambaya, amma maza ma duk ya shafe ku.

Wai ina ne wurin ma, me ake nufi da kwarmin gefen goshi?

Ɗora yatsa a ƙarshen girarki ki ja shi baya wajen kunne, wannan filin da ke sama da ƙashin kunci shi ne. In kika cije haƙora zaki ji wani nama yana motsi a ƙarƙashin yatsan, naman tauna ne. Likitocinmu da faransanci suna ce ma wurin les tempes. A fuskar yarinya wurin a cike yake ko ya ɗan shafe, daga goshi zuwa kunci babu wani gargada. In ya lotsa sai ƙashin gefen ido da na kunci su fito fili, wutsiyar gira ta ɗan sauko, mutum yana lafiya lau amma kowa na tambayarsa ko bai ji daɗi bane.

Me ke sa wurin ya lotsa?

Na farko dai shekaru. Akwai kitse shimfiɗe a wurin hawa hawa, yana raguwa a hankali, naman taunan ma yana sirancewa, fata na yin laushi, har ƙashin fuska kansa yana canza tsari da girma. Wanda haƙoransa na turmi suka zube baya tauna da ƙarfi, naman nasa yakan ƙara shanyewa. Akwai kuma gado, wasu gidajen haka fuskarsu take tun suna 'yan mata, doguwa siririya, ki duba innarki da gwaggonninki zaki gani.

Sai rama, ko wace iri ce: ta rage ƙiba, ta shayarwa a jere ba hutu, ta damuwa, ta rashin lafiya. Sannan wani abu da mata basa lura da shi, kitso mai ɗaurin tsiya da ya cinye gashin gaba. Gashin da ke rufe wurin ya tafi sai kwarmin ya bayyana, alhali da ma can yana nan. Wannan ba allura yake so ba, a sassauta hannu wajen kitso ne.

Nawa cikin 'yan watanni ya faɗa, in je a cika min?

A'a yar uwa, dan Allah kar ki fara. Duk cikin amsoshin nan in guda ɗaya zaki riƙe to wannan ce. Faɗawar gefen goshi da sauri alama ce da mu ma'aikatan lopital muke dubawa da gangan a fuskar mara lafiya, tana nuna jiki ya fara cin naman kansa. Tarin fuka yana yin haka, ciwon suga da ba'a gano ba yana yi, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu da zufa da rawar hannu yana yi, sida tana yi, ciwon daji ma haka, ga kuma rashin isasshen abinci wanda ba sai na faɗa ba mun san halin da gidaje da yawa ke ciki.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo min da hoton wata a waya tana so in nuna mata inda za'a yi mata irin haka, muna cikin magana naga tana ta shan ruwa tana fita fitsari, zanen da ta ɗaura ya zagaye ta kusan sau biyu. Na roƙe ta muka yi gwajin suga a take, abin ya hau sosai. Da an cika mata wurin da ta koma gida da murna ciwon yana ci gaba da cinta a ɓoye. Saboda haka in kin rame ba dalili, ko tari ya wuce sati biyu, ko zufar dare, ko zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, analiz ne farko. In sakamako ya fito lafiya, nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na wasu watanni, sai a dawo maganar kwalliya.

Shi fila ɗin, wato abin cikon, mene ne, me ke cikin sirinjin?

Wanda aka fi amfani da shi wani abu ne mai yauƙi garai garai kamar ruwan kuɓewa mai kauri, a kwali zaki ga an rubuta acide hyaluronique. Jikinmu ma yana da irinsa a fata da gaɓoɓi da cikin ido, aikinsa riƙe ruwa. Wasu masana biyu a Amurka, Karl Meyer da John Palmer, su suka fara ware shi a 1934 daga ruwan idon saniya. Da can daga zankon zakara ake samo shi, yanzu kuwa ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a masana'anta su samar da shi, a tace, a ɗaure shi yadda jiki ba zai narkar da shi cikin kwana biyu ba. Yawancinsu an haɗa da lidokayin, maganin kashe zafi irin na wajen likitan haƙori.

Sunayen da zaki fi ji su ne Juvéderm da Restylane. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Restylane tun 2003, amma sai a 2024 ta amince da Juvéderm Voluma XC musamman don gefen goshi, ga wanda ya haura shekara 21. Kafin nan likitoci suna yi bisa ƙwarewarsu.

Ba shi ne Botox ba?

Ba shi bane. Botox kwantar da nama yake yi don kar fata ta tattare, baya cika komai. Wadda tace zata cike miki rami da Botox bata ma san abin da ke hannunta ba, ki tashi ki bar wurin.

An ce akwai mai daɗewa, har da wanda baya ƙarewa. Wanne ya fi?

Akwai Sculptra, shi ba ciko bane kai tsaye, gari ne ake damawa da ruwa a zuba, sai ya sa fata ta riƙa gina nata naman a hankali, ana yi zama biyu ko uku kuma sai bayan watanni ake ganin aikinsa, yakan kai wajen shekara biyu. Akwai Radiesse mai sinadarin kalsiyum. Akwai kuma ɗibar kitsen jikinki daga ciki ko cinya a mayar a fuska, wannan tiyata ce sosai, wani kason kitsen yana narkewa wanda ya kama kuma ya zauna.

A ganina wadda bata taɓa yi ba ta tsaya a hiyaluronik, dalili ɗaya: shi kaɗai ke da makari. Akwai allurar hiyaluronidaz da ke narkar da shi in an samu matsala ko baki so yadda ya fito ba. Sauran duk babu abin da ke narkar da su. Shi kuwa "wanda baya ƙarewa", silikon na ruwa da dangoginsa da ake ɗura ma mata a mazaunai, ki guje shi kamar wuta, yana yawo a jiki, yana yin ƙulli bayan shekaru, cire shi sai da wuƙa kuma ba duka ke fita ba.

Yaya ake yi, akwai zafi?

Likita zai fara tambayarki tarihin lafiya, ya ɗauki hoto, ya wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyi har cikin gashi, ya laluba da yatsa inda jijiya ke harbawa ya yi alama don ya kauce mata. Hanya biyu aka fi bi. Ko dai allura mai kaifi ta shiga can ƙasa har ta taɓa ƙashi a ajiye maganin a kansa, ko a huda ƙaramar ƙofa a zura kanula, wato doguwar allura mai dakusasshen baki, a shimfiɗa shi tsakanin hawa hawan naman. Kowace da amfaninta da haɗarinta, likitan ne zai zaɓa bisa fuskarki. A hankali ake turawa, kaɗan kaɗan, wanda ya iya baya gaggawa.

Zafin bai kai yadda ake tsoro ba, abin da mata suka fi faɗa shi ne nauyi da matsi a kai, wani lokacin ki ji ƙara ƙurus ƙurus kusa da kunne, ba komai bane kusancin wurin da kunne ne. Duka duka bai fi rabin awa ba in an cire hira da shiri.

Sirinji nawa zan buƙata?

Sirinji ɗaya mililita 1 ne, ƙaramin cokalin shayi kuwa mililita 5 yake ci, kinga abin ba yawa. Mai ɗan kwarmi kaɗan rabin sirinji zuwa ɗaya a kowane gefe yakan isa, mai zurfi fiye da haka, kuma gara a raba zama biyu da tazarar makonni. Ba'a so a cika wurin ya kumbura, so ake ya shafe kawai har ma a bar ɗan lotsawa kaɗan, in ya yi tudu fuska sai ta canza kama.

Da gaske ne tana iya makantar da mutum?

Da gaske ne. Ba kasafai ba, amma ya faru a duniya kuma har a hannun ƙwararru. Gefen goshi jijiyoyin jini ne cunkushe, akwai wadda kike jin bugunta a gaban kunne, akwai na can ƙasa cikin nama, kuma suna da hanyoyin da suka haɗu da jijiyar da ke kai jini ido. In bakin allura ya faɗa cikin jijiya aka tura, maganin zai bi ta ya toshe hanya. In ta fata ya toshe fatar wurin ta mutu ta zama gyambo har gashi ya zube, in ta ido ce gani ya ɗauke nan take kuma yawanci baya dawowa, a wasu lokutan ma har shanyewar ɓarin jiki. Hanci da tsakanin gira sun fi gefen goshi wannan haɗarin, amma shi ma yana cikin wuraren da likitoci ke taka tsantsan da su sosai.

Ban faɗi haka don in hana kowa ba. Na faɗa ne saboda a bidiyon da ke yawo a TikTok da Instagram ba wanda ke faɗa, sai kiɗa da hoton kafin da bayan. Ƙananan matsaloli kuwa kusan kowa na samun wani abu a ciki: kumburi, taruwar jini, ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu, ciwon muƙamuƙi wajen tauna, jijiyoyin wurin su fito raɗau na ɗan lokaci. Waɗannan suna wucewa da kansu.

Mu masu duhun fata ta yaya zamu gane an samu matsala?

Tambaya mai kyau, saboda hotunan da ke littattafan koyarwa yawanci na farar fata ne, ana cewa wurin zai yi fari sannan ya yi ja da shuɗi kamar raga. A fatarmu ba lallai ki ga haka ba. Abin da zaki gani shi ne wurin ya yi toka toka ko ya fi kewayensa duhu, dabbare dabbare, ya yi sanyi in kin taɓa, ga zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa, wani lokacin a nesa da inda aka huda, kamar saman goshi ko cikin gashi. Bayan kwana biyu zuwa uku ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso. Ki duba a hasken rana ba a fitilar ɗaki ba, ki gwada da ɗaya gefen.

In kinga haka ba'a jira gari ya waye, ba'a shafa man zafi ko man kaɗanya a ce zai baje, a kira likitan a koma a narkar. In kuwa ido ne, dishi dishi, ganin abu biyu, fatar ido ta faɗo, ciwo a bayan ido, ciwon kai mai tsanani da amai, wannan maganar mintoci ce, a tsayar da allurar a nufi likitan ido. Shi yasa amsar "wa zai yi" da ke biye take da nauyi haka.

Akwai wata mai salon da ke yi a gida da sauƙin kuɗi, tace ta yi kwas a Dubai. In je?

Wallahi kar ki je. Kwas na kwana uku ko sati ɗaya baya koya ma mutum jijiyoyin fuska, kuma ko ta iya sokawa bata iya ceto ba. Ni kaina da na shekara ina miƙa kaya ina kallo ban ɗauki sirinjin nan ba. Aikin likita ne, likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki ko wanda ya yi karatun wannan fannin, mai rajista a ƙungiyar likitoci ta ƙasa, Ordre des Médecins, akwai ta a Kamaru akwai ta a Chadi, kuma kina da haƙƙin ki tambayi lambarsa. A Faransa ma da suka ga ɓarnar masu allura a ɗakunan haya, tun 2024 suka hana sayar da hiyaluronik na allura sai da takardar likita.

Tambayoyin da zaki yi kafin ki zauna: akwai hiyaluronidaz a nan ɗakin yanzu, in gani? In idona ya samu matsala ina zaku kai ni? In na kira da dare wa zai ɗauka? Wanda ya ji haushin tambayar nan ba naki bane. Sannan kar mu manta ciwon hanta na B yana da yawa a yankinmu, ragowar sirinjin wata ba'a ƙarasa miki shi ko da an canza allura. Ita ma na'urar nan mai kama da biro da ake cewa "ba allura, iska ke turawa", hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta tun 2021, ba'a iya sanin zurfin da maganin ya shiga.

To a ina ake samun masu yi, dole sai na yi tafiya?

Likitocin fata a arewa ƙalilan ne kuma aikin cututtuka ya sha musu kai, masu irin wannan aikin sun fi yawa a Yawunde da Duwala. 'Yan Chadi wasu a Njamena suke nema, wasu su haɗa da tafiyar Tunis ko Masar ko Turkiyya, wasu namu kuma su tsallaka Najeriya. Bana ba da sunan kilinik, kar ma a tambaye ni a gefe.

Abin da zan ce shi ne ki tsara tafiyar da kwanaki a hannu. Kar a yi miki da rana ki hau jirgin ƙasa na Yawunde da yamma, ki kwana a hanya ki sauka Ngaundere, ki sake shiga mota zuwa Garwa ko Marwa, in abu ya taso a tsakiyar nan wa zai taimake ki? Ki zauna kusa da likitan aƙalla kwana uku, ki karɓi lambarsa da takardar abin da aka zuba miki, sannan ku yi maganar yadda zai sake ganinki bayan sati biyu ko da ta bidiyo ne.

Ta yaya zan san kayan na gaske ne?

A buɗe kwalin a gabanki. Ki ga suna, ranar ƙarewa, da lambar lot, wato lambar rukunin da aka haɗa shi a masana'anta, akwai 'yar takarda mai manne a ciki da ake liƙawa a katinki, ki ɗauki hotonta. Na jabu sun cika intanet kuma kwalinsu yana kama da na gaske sosai, saboda haka araha mai yawa ita kanta alama ce. Kar ki sayo da kanki ki kai a yi miki, likitan kirki ma ba zai karɓa ba.

Ga kuma zafinmu. Yawancin kayan nan an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 kuma kar su daskare, mu kuwa a watan Maris da Afrilu Garwa da Njamena suna haura 40. Kayan da ya kwana a jakar 'yar kasuwa, ya yini a but ɗin mota, ya zauna a shago ba kuran, ko na gaske ne ban yarda da shi ba.

Su wa bai kamata su yi ba?

Mai ciki da mai shayarwa su jira, ba'a yi gwajin kayan nan a kansu ba. Mai ƙuraje masu ruwa ko wani ciwo a wurin, mai zazzaɓi ko mura ko ciwon haƙori, sai ta warke. Mai suga da bai daidaita ba, mai ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar kanta, mai sikila, mai matsalar daskarewar jini ko mai shan maganin tsinka jini, duk sai an zauna da likita tukuna, kuma kar ki tsayar da maganin da aka rubuta miki da kanki don zaki yi kwalliya. Aspirin da ibuprofen suna ƙara taruwar jini, ki faɗa in kina sha. In lidokayin ya taɓa tayar miki, ko jikinki na kumbura sosai in zuma ta harbe ki, ki faɗa, na biyun yana da alaƙa da allurar narkarwa. Mai fatar da tabo ke yin tudu ita ma ta faɗa.

Sai masu shafa man bilicin, ba gori nake ba. Mayukan nan da yawa akwai kortikoyid a ciki, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito, ciwo ya ƙi warkewa da wuri, shi kansa yana ƙara nuna kwarmin. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana irin masu sinadaran hidrokinon da makuri a 2022 amma har yau suna kasuwa. Ki gaya ma likita gaskiyar abin da kike shafawa, ko baki faɗa ba fatar zata faɗa.

Ina shan maganin sida shekaru, fuskata ta shanye. Ni ma zan iya?

Zaki iya, kuma ke ce ma asalin wadda aka fara yi ma wasu kayan nan. Tsofaffin magunguna, musamman stavudine, suna cinye kitsen kunci da gefen goshi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye shi wajen 2010. Yanzu yawanci an koma kan haɗin da ke da dolutegravir, amma kitsen da ya tafi baya dawowa duka. Sculptra da na ambata a sama don wannan matsalar Amurka ta fara amincewa da shi a 2004, Radiesse kuma a 2006. Na san nauyin abin, mutum yana shan maganinsa lafiya ta samu amma fuska tana tona masa asiri a unguwa. Ki fara da likitan da ke bin ki, in ƙwayar cutar ta kwanta a jini babu ciwo a fata sai ya tura ki. Maganinki kuwa ko na kwana ɗaya kar ki ajiye saboda fuska.

Ba gara in sha maganin ƙiba ba fuskar ta ciko da kanta?

In sha-ka-fashe kike nufi, a'a. Yawanci dexamethasone ne ake haɗawa da maganin buɗe ciki. Eh fuska zata yi zagaye, amma kumburi ne da kitsen ciwo, hannu da ƙafa su sirance, ga suga, ga tansiyo, ga olsa, ƙashi ya yi rauni, fata ta tsattsage. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke rana ɗaya, yana da haɗari, a lopital ake rage shi a hankali. In rama ce ta gaskiya abinci zai taimaka, kunun gyaɗa, madara, wake, ƙwai, kifin Binuwai ko na Logone. Amma kwarmin shekaru ko na gado ko kin yi ƙiba ba lallai ya cike ba, kitsen sai ya tafi ciki ya bar wurin.

Bayan an yi, me zan kiyaye?

Ranar farko kar ki shafa komai a wurin, ba hoda ba mai ba shebe, kar ki yi aikin ƙarfi ko ki daɗe a rana ko bakin murhu. Kwana biyu uku ki kwanta rigingine da filo mai ɗan tudu. Ɗankwali da hijabi a sassauta, ɗaurin nan da ke matse gefen kai ki ajiye shi na sati guda, haka tabarau mai matsi da hular kwano. Kitso, dilka, halawa, sirace da duhan ki basu sati biyu, aikin haƙori ma haka in ba na gaggawa bane. In kai na ciwo paracetamol. Ki ci abu mai laushi in tauna na damunki, kilishi da soye su jira. Sallah ki yi abinki, goshi ne ke taɓa ƙasa ba gefen ba, sai dai zaki iya jin wurin yana bugawa in kin sunkuya ranar farko.

Kar ki murza hiyaluronik sai in likita yace. Sculptra ne ake murzawa, minti biyar sau biyar a rana kwana biyar.

Wata nawa yake yi, kuma in ya ƙare fuskar zata fi da lalacewa?

A gefen goshi yakan kai shekara ɗaya, wasu har shekara da rabi ko fiye, saboda wurin baya motsi kamar leɓe. A hankali yake narkewa, fuska ta koma yadda take da ƙarin shekarun da suka wuce, ba wai ta zube ba. Ido ne ya saba da cikar sai ki ga kamar ta fi da. Kuɗi kuwa da sirinji ake lissafi, ki haɗa da na mota da masauki da na komawa, kuma ki tuna abu ne da za'a maimaita. Ban ga dalilin cin bashi ko sayar da ɗan kunne saboda shi ba. Wani lokacin bayan watanni wurin yakan kumbura ko ya yi ƙulli in an yi mura mai ƙarfi ko ciwon haƙori, ki koma wajen wanda ya yi da takardar lot ɗinki.

A addini fa? Alwala da azumi?

Ni ba malama bace, ki kai tambayar wajen malamin da kika yarda da shi. Abin da na sani malamai suna rarrabe gyara aibin da ciwo ko haɗari ya jawo da kuma canza halitta don ƙarin kyau kawai, a na farko suna kawo hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad da hancinsa ya yanke a yaƙi Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, a na biyu suna kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Ki gaya ma malam gaskiyar dalilinki don amsar ta dace da ke. Abin da zan iya tabbatarwa ta fannina: maganin a ƙarƙashin fata yake, baya hana ruwa taɓa fata. Ba abinci bane kuma baya zuwa ciki, amma ni zan ce ki bari bayan sallah, ciwon kai da ƙishi a zafin nan basa haɗuwa. Game da asalinsa duba amsar "me ke cikin sirinjin", ita kuwa allurar narkarwa wasu daga tumaki ko shanu ake samo ta, wasu a masana'anta.

Bikina saura kwana goma, zai yiwu?

Ki haƙura amarya. Kumburi da tabon jini kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, a fatarmu tabon yakan bar duhu ya daɗe fiye da haka, ga gyaran jiki da dilka da ɗaurin kai da duk na ce a jinkirta a amsar kiyayewa. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ana so a jira sati biyu kafin a ƙara ko a rage, in kuma narkarwa za'a yi ita ma da nata kumburin. Wata guda kafin biki shi ne mafi ƙaranci, wata biyu ya fi. A kwana goman nan ki samu mai kwalliya da ta iya, ta ɗan haska wurin da hoda mai haske kaɗan fiye da fatarki, kar ta sa mai duhu a gefen goshi, a sauko da ɗaurin ya rufe rabin wurin, mai hoto kuma ya sa haske daga gaba ba daga sama ba.